Kura Mai Tawul a Kafaɗa

Asabar, 24 Fabrairu 2007

Na gama bangon Madam Ngozika yau. Kwana tara ina kai. Ita dai kaza da kifi da kwanon farfesu ta ce in zana mata, irin na kowane gidan abinci a bakin tasha. Ni na roƙe ta ta bar ni in yi abin da ke raina, in bai yi mata ba in shafe da fentina. Shekara goma sha shida ina rubuta allon masu aski da na kemis a garin Zuru, sau ɗaya dai in yi nawa.

Kura ce a tsakiya da babbar riga, zaune bisa tarin buhunan takin zamani. Awaki sun yi layi, kowace da fartanya a kafaɗa. Buhun da kurar ke miƙa wa ta gaba ya huje, yashi ke zuba. A gefe ga biri da biro yana rubuta sunaye, ya riƙe takardar a juye.

Ba ni na ƙago irin wannan zane ba. Daga littafin nan ne da Mama Monica ta ba ni ina aji shida, lokacin tana shugabar makarantarmu, ranar da ta kama ni ina zana ta a bayan littafin lissafi. Na zaci bulala zan sha. Littafin a kan wani Ba'amurke ne mai zane, na zamanin da, ya mutu tun ba a haifi kakana ba. Bangon littafin ya tafi, gara ta ci farkonsa, ban san sunan mutumin ba, ni dai Tsoho nake ce masa. Da fari yawo yake gari gari yana zana fuskokin mutane. Daga baya ya koma dabbobi masu halin mutane, birai da zomaye da beyar, suna rawa, suna shaye-shaye, suna faɗa. Beyar ɗin nan ba mu da ita nan, sai a Littafi Mai Tsarki.

Madam Ngozika ta riƙe ƙugu ta yi dariya har da hawaye, ta ce kar in kuskura in shafe. Matata Keziah ma ta biyo daga kasuwa ta gani. Wai akuyar ƙarshe, ramammiyar, da ni take kama. Na ce na gode.

Talata, 27 Fabrairu

Mutane sun cika gaban bangon. Wani ɗan kabu-kabu daga Wasagu, ko sauka daga mashin bai yi ba, ya nuna da baki ya ce, “Wannan ai Honorabul Talle ne. Ga tawul ɗin.”

Aka kwashe da dariya. Na ce kura ce kawai. Sau uku na faɗa, ba wanda ya saurare ni.

A nan dai zan iya faɗin gaskiya. Ranar ƙarshe na ƙara tawul ɗin, rawaya, a kafaɗar hagu, yadda yake ratayawa. Da wayoyin hannu uku. Talle bai taɓa cin zaɓen komai ba, Honorabul ɗin na baki ne, amma ta hannunsa taki ke zuwa ƙasar nan. Bara yayana Michael ya sayar da awaki biyu ya karɓi buhu huɗu a Dirin Daji, rabinsa yashi. Na ga dawarsa a watan tara, ko ƙuguna ba ta kai ba. Ina shafa rawayan nan ina jin daɗi har cikin haƙorana. Na ɗauka ni kaɗai zan gane, ni da Allah.

Jumma'a, 2 Maris

Mai hoto na bakin tasha ya ɗauki bangon yana wankewa yana sayarwa. An ce an ga ɗaya manne a jikin wata mota a Mahuta. Na je na roƙe shi ya bari. Ya ce, “Atis, kai fa ka yi suna.” Atis suke ce mini, wato mai zane.

Na kasa cin tuwo.

Litinin, 5 Maris

Dodo ya zo shago. Tare muka yi firamare, shi ke zama a bayana yana kwafe mini lissafi. Yanzu shi ne na hannun daman Talle. Da wani ƙato ya zo, wanda ya yi ta ɗaga gwangwanayen fentina yana sunsunawa.

Dodo ya zauna a bencina, ya tambayi iyali. Ya ce, “Ɗiyarka Jessica ta girma fa. Jiya na gan ta, ita ce ke bi ta gefen filin ƙwallo da ƙarfe biyu, ko? Da jaka shuɗiya.”

Na ce e. Ban san me ya sa na ce e ba.

Na ce yanzu ma zan je in shafe bangon, farin fenti na nan. Ya ɗaga yatsa. “Kar ka taɓa shi. Honorabul na Birnin Kebbi, in ya dawo da idonsa yake son gani. In ya tarar an shafe, to an raina shi sau biyu ke nan.”



Talata, 6 Maris

Na faɗa wa Keziah, ban da maganar Jessica. Ta ce, “Baban Jessica, tawul ɗin, da gangan ka sa?” Na ce a'a. Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗe.

Daga yau ni ke ɗauko yarinyar daga makaranta. Ta ce tana jin kunya, ai ita shekararta goma sha biyu.

Alhamis, 8 Maris

Cletus, mijin Madam Ngozika, ya tare ni a hanya, idonsa ja. Ya ce shekararsa ashirin da uku a garin nan ko ofishin 'yan sanda bai taɓa takawa ba. “Kai ɗan ƙasa ne, Oga Philip. In wuta ta tashi kana da dutsen da za ka hau, kana da dangi. Ni baƙo ne, kuma ga zaɓe. Shagon wa za a ƙona?” Ya so ya rufe bangon da tamfol, Dodo ya aiko a cire.

To ga shi nan. Ba dama a shafe, ba dama a rufe. Kullum in bi ta wurin in ga kurar tana kallona da haƙoran da ni na yi mata.

Lahadi, 11 Maris

Bayan sujada na ɗauko littafin Tsoho da ƙamus, na zauna ƙarƙashin mangwaro. Ba hotuna nake kallo ba wannan karon. Nema nake ko an taɓa dukansa, ko an kore shi daga gari, ko wani ya taɓa zama a bencinsa yana tambayar 'ya'yansa.

Babu. Iyakar abin da Turancina ya kai: ya haye teku ya ƙaro ilimi, ya dawo ya zauna a babban birni, ya sami ɗakin aiki, mutane suna zuwa suna dariya suna saye. Har masu kuɗin da yake yi wa ba'a suna saye. Ya tsufa ya mutu. Shi ke nan.

Ko dai kurayensu ba sa gane kansu, ko kuma mai littafin bai ga dalilin faɗa ba. Na ji haushinsa yau, mutumin da ban taɓa gani ba. Shekara talatin yana koya mini yadda ake lanƙwasa wuyan biri, bai taɓa ce mini in yi hankali ba.

Laraba, 14 Maris

Talle ya dawo. Na ga motarsa a gidan mai. Na koma ta lungun masu walda.

Alhamis, 15 Maris

Da rana tsaka aka aiko in zo wurin Madam Ngozika. Na ce wa Keziah in ban dawo ba ta tafi Mahuta wurin babanta. Ta ce in daina irin wannan magana, ta gyara mini wuyan riga.

Talle na zaune an sa masa kujera daidai gaban bangon, yana shan farfesun kan akuya. Tawul ɗin na kafaɗarsa. Ya daɗe yana kallo. Cletus na tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa shi. Sai Talle ya fara dariya, a hankali, har tumbinsa na motsi, har ya goge ido da tawul ɗin. Mutanensa suka taya shi.

“Ka iya,” ya ce. “Wallahi ka iya. Har haƙorin makkan. Amma wayoyina huɗu ne yanzu.” Ya ce wa Madam Ngozika ta bar shi nan, talla ce kyauta. Ni kuma in same shi gida jibi.

Na dawo ina murna kamar wawa. Na ce wa Keziah ashe mai raha ne, ashe haka masu kuɗin Tsoho suke. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Me zai yi da kai jibi?”

Asabar, 17 Maris

Falonsa sanyi kamar firij. Ya sa aka kawo mini maltina, ban iya sha ba.

Ya ce, “Atis, ka zana ni kura, na yi dariya. Ni mutum ne mai son raha. Yanzu sai a yi adalci, kowa ya sami nasa.” Ya tambaye ni ko na san Monica, tsohuwar malamar nan. Na ce ita ta koyar da ni. Ya ce ai shi ya sa, na san fuskarta ke nan.

Ashe ita ce ta bi ƙauye ƙauye tana tara mata manoma, na coci da na masallaci, suna dangwala yatsa a takardar koke kan takin bara. Bayan Ista za su kai Birnin Kebbi, mata talatin a mota biyu. Ban ma sani ba.

Allo ashirin yake so. A zana ta karya, da ɗankwalin zumuntar mata da gilashinta, karnuka na bin ta a baya. Ya faɗi abin da za a rubuta a ƙasa, ba zan sa shi a nan ba. Matar da ta haura saba'in. Mijinta soja ne, ya mutu a yaƙi, ba ta sake aure ba.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ko wata dabbar? Ko tunkiya?” Ji abin da na ce. Ko tunkiya. Ban ce a'a ba, ciniki na fara.

Ya ce, “Ni na zaɓi tawa dabbar?” Sannan ya juya ga Dodo. “Ɗiyar tasa aji nawa ka ce take?”

Kafin in iso shago an riga an sauke katako ashirin da fenti sabo. Kwana goma ya ba ni.

Talata, 20 Maris

Na je gidan Mama Monica don in faɗa mata. Na shirya maganar tun daga bakin titi.

Na same ta tana ɓarzar gyaɗa, jikarta na kwance a tabarma. Ta ce, “Philip, ɗana, na je na ga bangonka. Sau biyu na je.” Ta ce littafin nan bai tafi a banza ba. Wata Ba'amurkiya 'yar mishan ce ta bar mata shi, ta ajiye shekara da shekaru ba ta san wa za ta ba ba, sai da ta ga yadda na yi mata hanci a littafin lissafi. Ta ce matan ƙauye da ba su iya karatu ba, hoton bangon nan take nuna musu, nan take su miƙo yatsa.

Ta dama mini kunu. Na sha. Na yi ta kallon gilashinta, hannunsa ɗaya ya karye ta ɗaure da jan zare, da yadda take karkata kai dama in tana saurare. Ina kallo ina ajiyewa a kaina. Na san abin da nake yi.

Na yi mata sai an jima. Ban faɗa ba.

Laraba, 21 Maris

Allo ɗaya kawai zan yi, don in Dodo ya leƙo ya ga ana aiki. In sami lokaci in yi tunani. Ba zai fita daga shagon nan ba.

Alhamis, 22 Maris

Abin da ya fi ba ni tsoro, ya yi kyau. Na so ya fito a karkace, hannun ya ƙi. Duk wanda ya gani zai gane ta daga nesa. Na juya shi ya fuskanci bango, na jingina sauran katakon a kai.

Keziah ta tambayi katakon na mene ne. Na ce allunan kamfen.

Asabar, 24 Maris

Na je ɗauko kananzir, minti ashirin. Na dawo na tarar Dodo ya ɗauke allon. Maƙwabcina mai faci ya ce shi da kansa ya ɗaga sauran ya zaro.

Wajen ƙarfe huɗu na ji lasifika. Sun ɗaure shi a bayan a-kori-kura, suna zagaya gari da kiɗa. Na bi su da ƙafa, ban san me zan yi ba in na cim musu. A bakin kasuwa suka tsaya, don sun gan ta. Tana sayen manja, jikar tata riƙe da zanenta.

An yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi, har da mutanen da na sani, har da waɗanda ta koyar. Wani ya yi haushin kare. Ita ba ta gudu ba. Ta gyara gilashin ta dubi allon sosai, daga sama har ƙasa, yadda take duba aikin gida. Sannan ta rufe wa yarinyar ido da tafin hannu, ta biya mai manja, ta juya. Ina bayan wata rumfar tumatir. Ban fito ba.

Keziah na kasuwar. Rumfarta na kallon wurin.

Lahadi, 25 Maris

Ba ta yi faɗa ba. Ta haɗa kaya a jaka biyu. Na ce mata don Jessica na yi, na faɗa mata maganar filin ƙwallo da jaka shuɗiya, duka. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, “Da ka faɗa mini tun ranar, da mun kai ta Mahuta tun ranar. Kai kaɗai ka haife ta?” A bakin ƙofa ta ƙara, “Ɗankwalin nan da ka sa wa karya, irinsa ne a kaina kowace Laraba.”

Sun tafi da motar rana. Ban je coci ba.

Litinin, 26 Maris

Dodo ya aiko: saura goma sha tara, gobe.

Gidan shiru. Na zauna na lissafa abin da za su iya yi mini, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ba a dawowa. Amma Jessica na Mahuta cikin kawunnanta, maharba ne dukansu. Ba na jin ƙarfin zuciya ko kaɗan. Kawai dai na ɗauki burushi na ga ba zan iya sake zana jan zaren nan ba.

Na ari baro wurin mai faci.

Jumma'a, 30 Maris

Da hagu nake rubutu. Yatsu biyu na dama sun karye. Haƙarƙari kuma.

Laraba, 4 Afrilu

Kaɗan kaɗan.

Waccan Talatar, ranar da wa'adin ya cika, da safe na loda katakon goma sha tara da fentinsu a baro, na tura ta babban titi. Da gangan na bi ta titi, don in an kashe ni a san inda na shiga. Na sauke a bakin get ɗin gidan Talle na ce wa mai gadi a gaya wa Honorabul na gode, ba zan iya ba.

Shi bai fito ba. Mutum uku suka fito. Ƙaton nan mai sunsunar fenti shi ya taka hannun, ya tambaye ni tukuna da wanne nake zane. Na faɗa masa gaskiya, ban san dalili ba. Dodo na gefe yana latsa waya, bai ɗago kai ba. Da abin ya yi yawa na ji ya ce, “Ya isa, ɗan ajinmu ne.”

Cletus ne ya kwaso ni a mashin ɗinsa ya kai ni wurin mai ɗori. Cletus, da duk tsoronsa. Washegari kuma ya shafe bangon da farin fenti, shafi biyu. Shagonsa ne.

Lahadi, 8 Afrilu

Ista. Michael ya zo daga Dirin Daji da kaza, ya zauna da ni yini guda. Ya so ya tara samarin ƙauye, na roƙe shi da sunan Allah ya bari. Duk mashin da ya rage gudu a ƙofar gida sai in kasa kunne.

Laraba, 18 Afrilu

An yi zaɓe, ban fita ba. An ce Talle ya koma Birnin Kebbi bin sabuwar kwangila.

Takardar koken ta tafi. Cikin mata talatin, huɗu suka shiga mota. Sauran mazajensu suka hana, wai ba za a zana matansu a allo ba. Madam Ngozika ce ta faɗa mini da ta kawo mini farfesu. Ta faɗa tana kallon ƙasa. Ashirin da shida. Da allo ɗaya.

Lahadi, 6 Mayu

Na je. Sau uku ina kaiwa bakin lungun Mama Monica ina dawowa, yau na shiga.

Na durƙusa a ƙasa. Ta bar ni a durƙushe, ta gama tsince shinkafarta. Sannan ta ce in nuna mata hannun. Ta juya shi, ta taɓa yatsun, ta ce mai ɗorin ya yi gaggawa.

Ta ce, “Har zaren gilashina ka sa. Ba wanda ya taɓa kallona da kyau haka.” Na fara kuka, ta ce in bari, ba ta gama ba. “Ranar da ka sha kununa ka riga ka sani?” Na ce e, Mama.

“Da ka faɗa mini, da na ce ka yi, ka tsira da ɗiyarka. Ni me ya rage a kunyata? Amma da na san ranar, da ban je kasuwa da yarinyar nan ba. Har yau in ta ji kare sai ta ɓuya.”

Na ce ta yafe mini. Ta ce, “Na yafe, don an umarce ni. Zuciyar ce ba ta iso ba tukuna. Ka ba ta lokaci, tsohuwa ce.”

Ba ta dama kunu ba. Amma ta raka ni har bakin ƙofa.

Litinin, 21 Mayu

Keziah ta dawo da Jessica saboda makaranta. Haka ta ce, saboda makaranta. Tana dafa abinci, tana gasa mini hannun da ruwan zafi, magana kaɗan. Jiya na ji tana dariya da maƙwabciya, da na fito ta bari. Har yanzu ni ke ɗauko yarinyar, ta hanyar bayan coci, kullum muna canja lungu.

Yatsun sun warke a lanƙwashe. Harafi ina iya yi, a hankali. Allon mai sayar da katin waya ya ci mini kwana uku.

Alhamis, 14 Yuni

An yi ruwa da safe. An fara rabon takin bana, ta hannunsa dai. Michael ya ce wannan karon mutane suna farke buhu a gaban mota kafin su ɗauka. Ban sani ba ko takardar ce ta jawo, ko bangon, ko dai wahalar bara.

Dodo ya biyo ta shago da hantsi. Shi kaɗai. Na hango shi tun daga wurin mai faci. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai zauna ba. Ya ce ya zo duba hannu ne. Ya ce shi ma aikinsa yake, yana da 'ya'ya biyar. Ya ce Honorabul ya manta da maganar, in ni ma na manta.

Na ce na ji.

Ya daɗe yana magana. Ban riƙe rabinta ba. Ban taɓa lura da wuyansa ba sai yau, dogo, ba tsoka, maƙogwaron na hawa da sauka. Kansa ya fara sanƙo daga tsakiya. In zai faɗi abu sai ya dubi hagu da dama, ya ɗage kafaɗu har kunne, kamar mai jiran manya su gama ci ya sauko. Shi ya fara kau da ido. Ya ce me nake kallo. Na ce babu.

Da ya tafi na zauna. Akwai wani kwalin sabulu a ƙasa, da guntun gawayi. Ba wani abu ba ne, gwada yatsun nake, mai ɗori ya ce in riƙa motsa su. Ungulu ce ta fito, da waya a ƙafa ɗaya. Fukafukin bai yi daidai ba, amma wuyan ya yi.

Keziah ta kawo abincin rana ban ji shigowarta ba. Ta tsaya a bayana. Na kai hannu zan yaga.

Ta ce, “Wannan karon in ka gama, ni za ka fara nuna wa.”

Na ce ba abin da zan gama, kwali ne kawai. Ta ajiye kwanon ta tafi. Na sa shi a bayan gwangwanayen fenti, inda ruwa ba ya zuba.